Jan Zare a Ɗakin Baba

Shafi na 19

Masu tsaya min a ka tun jiya, sannunku. Da ku da kuka ce Baba ya cika girman kai, da ku da kuka ce Auta ce ba ta da tunani, kowa ya gyara zama ya karanta a hankali. Ni dai ban goyi bayan kowa ba.

*

Da murna Auta ta tashi ranar nan, irin murnar da ke sa mutum ya yi wa madubi murmushi shi kaɗai. Sau uku tana canza mayafi. Ƙarfe sha biyu lauya zai kai takarda tsohon shagon Baba, Baba ya sa hannu, shago ya koma sunanta. Daga nan a kwashe tarkacen kekunan ɗinki, a fasa bangon gaba a sa gilashi, yarinya 'yar shekara sha tara ta zama mai shagon turare da kayan kwalliya. Har hoton fentin da ta zaɓa ta tura wa ƙawayenta, su kuma suka yi ta zuga ta.

Duk wannan aikin Yaya ne. Tun da harkar kayan sola ta karɓe shi, Yaya ya zama mutumin da ba a cewa ana son abu a gabansa, don kafin ka rufe baki ya sa an kawo biyu. Shi ya gina gidan nan mai bene, ya kwaso su daga tsohuwar unguwa wata uku da suka wuce. Shi ne kuma ya ce Baba ya gama wahala, shekara arba'in ana gyaran keken ɗinki ai ta isa haka.

Sai dai Baba bai ba su haɗin kai ba. Tun da aka tare ɗakinsa ya zama duniyarsa. Ga lambu a bakin tagarsa bai taɓa takawa ba, ga talabijin da ta kusa cinye bango ko kunnawa ba ya yi. Ya kafa doka kada kowa ya shigar masa ɗaki, ko da shara ce shi zai yi abarsa, abinci kuma a ajiye a bakin ƙofa a ƙwanƙwasa. Yaya yana cewa gajiyar shekaru ce take fita. Auta kuwa tuni ta yanke hukunci a ranta cewa fushi ne irin na tsofaffi, wai an raba shi da ƙarafunansa. Tana son mahaifinta sosai, amma abin yana ba ta haushi, don a ganinta wanda Allah ya hutar bai kamata ya riƙa ɓata rai ba.

Yau dai murna ta mantar da ita doka. Ta yi sallama, ba ta jira amsa ba, ta tura ƙofa da kafaɗa, tiren shayi a hannu.

Baba yana zaune a bakin gado, ya yi wanka ya sa kayan fita. Amma ba shi idonta ya fara sauka a kai ba. Wani siririn zare ne ya taso daga ƙafar gadon, ya bi bango daidai tsayin ƙugu, an riƙe shi da ƙananan ƙusoshi, ya je ya ɗauru a hannun ƙofar banɗaki. Wani kuma ya rabu da shi ya nufi inda dardumar sallah take shimfiɗe.

Ta yi 'yar dariya.

"Baba, wannan kuma wane irin ado ne?"

"Wane ado?"

"Zaren nan na bango."

Ya saki murmushi.

"Au, har kin gani? Lallai idonki da kaifi. Farin zare a farin bango, na ɗauka ba mai lura."

Auta ta kalli zaren. Ta sake kallonsa. Ta juyo ta dubi fuskar mahaifinta, ta ga idanunsa a buɗe tar, suna kallon wani wuri kusa da kafaɗarta inda babu komai.

"Baba," ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "ja ne."

Zaren ja ne jawur, ko daga tsakar gida aka leƙo ta taga za a hango shi. Murmushin Baba bai tafi gaba ɗaya ba, ya dai rage kaɗan, irin na wanda aka kama da hannu a cikin kwanon sukari.

"Ajiye tiren nan kafin ki zubar," ya ce. "Ina jin kofi yana kaɗawa. Ki turo ƙofar kuma."

Ta ajiye, ta rufe, ta zo ta durƙusa a gabansa. Ta ɗaga hannu ta wuce da shi ta gaban fuskarsa a hankali, kunya da tsoro suna cin ta. Ko ƙiftawa bai yi ba. Sai da warwaronta ya yi ƙara ya kai hannu ya cafke nata, ya ce ta daina yi masa fifita, ba zafi yake ji ba.

A nan kuka ya ƙwace mata.

Ya bar ta ta yi mai isarta, yana ɗan bubbuga bayan hannunta. Da ta lafa ya ba ta labarin ba tare da kwana-kwana ba. Shekara biyu ke nan da ya je asibiti shi kaɗai, likita ya ce hawan jinin ido ne, ya kuma zo a makare, abin da ya tafi ba ya dawowa. Tun yana ganin mutum har ya koma ganin inuwa, yanzu kuwa iyakarsa ya bambance rana da dare. A tsohon gida bai sha wahala ba, don ƙafarsa ta san kowane rami, daga ɗaki zuwa shago taku ɗari biyu da goma ne, babu tsallaka titi. A nan ne abin ya fi ƙarfinsa. Ko'ina faɗi, ko'ina santsi, ga kafet mai shanye takun mutum, ba ka jin wanda ke zuwa sai ya yi magana a kanka. Ranar farko sau biyu yana karo da ƙofar gilashi.

"Shi ne na ce bari in yi wa kaina hanya. Na laluba cikin akwatin aikina na ɗauko kwarkwaron da na san na naɗa wa farin zare. Ashe ja na ɗauko." Ya girgiza kai yana dariya. "Wata uku ina alfahari da dabarata."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta tuna sau nawa ta murguɗa baki a bayan ƙofar nan, sau nawa ta ce wa ƙawayenta tsohonta ba a iya masa. Ta ji ta tsani kanta.

Ta miƙe ta ce yanzun nan za ta kira Yaya. Akwai manyan asibitoci, akwai ƙasar waje, Yaya ba zai ji komai ba.

"Zauna."

Ta koma ta zauna.

"Likita uku na gani, bakinsu ɗaya. Maganin ɗigawa kuma ina sawa ba fashi. Yayanki in ya ji, zai kwashe ni ƙasa-ƙasa, a ƙarshe a faɗa masa abin da aka faɗa min. Ki bar wannan ma. Kin san abin da ya ce ranar da ya shigo da ni ɗakin nan? Ya kama hannuna ya kai ni bakin taga, ya ce, Baba, don kai na sa aka yi ta da faɗi haka, ka riƙa kallon shuke-shuke. Muryarsa har rawa take don daɗi. Ni zan ce masa me?"

"Gaskiya za ka faɗa masa, Baba."

"Zan faɗa, amma ba yau ba. Yau ranarki ce."

Ta ce ita ta fasa, a bar maganar shago. Ya ce ba ta isa ba. Tun rasuwar Mama bai ji ta yi dariya irin wadda ta yi ranar da Yaya ya ce za a ba ta shagon ba, kuma shi ba zai zama uban da ya ƙwace wa 'yarsa dariya don ya riƙe ɗakin ƙarafa ba. Ya ce yaransa biyu kaɗai ya mallaka, ɗaya ya gina masa gida, ɗaya tana son shago, to ya karɓi gida ya ba da shago, kowa ya ji daɗi.

"Kai fa?" ta tambaya.

Ya yi kamar bai ji ba. Ya sa hannu a aljihu ya zaro biro.

"Abu ɗaya nake so ki yi min. Idan lauya ya ajiye takarda, ki matso kamar za ki danne min ita. Ki ɗora yatsanki daidai inda layin ya fara. Ni zan nemo yatsan da bakin biro. Sa hannu ai ba ya bukatar ido."

"Baba..."

"Ki yi min alkawari, Auta. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Ta yi alkawarin da baki mai nauyi. Ya sa ta ɗauko tsohuwar jarida suka gwada. Sau uku yana caka mata biro a farce, tana cewa wash, yana cewa laifin yatsan ne da ya cika ƙanƙanta. Sai ga su suna dariya su biyu, ita hawaye na bin kumatunta. A karo na biyar ya sa hannunsa ras a kan layi, da 'yar lanƙwasar nan da yake yi a ƙarshe tun tana kawo masa takardar sakamakon makaranta.

Ya ce to ta kai shi shagon da wuri, yana so ya tattara 'yan kayansa kafin su zo.

*

A motar da Yaya ya saya mata suka tafi. Ta riƙo hannunsa daga ɗaki har mota, mai gadi yana ta yaba yadda 'yar ke ji da ubanta. A hanya Baba ya ɗora hannu biyu a gwiwa ya yi zaman baƙo.

Tana tsayawa a bakin layin shagunan ya sauke gilashi ya shaƙi iska.

"Mai walda ya fito," ya ce. "Mai wanki kuma har yanzu bai gyara famfonsa ba."

Ta zagayo za ta kama shi, ya janye hannunsa. Ƙafarsa na taɓa dakalin farko ya zama wani mutum daban. Ya miƙe sosai, ya tsallake fasasshen wurin da ita kanta sai da ta yi tuntuɓe a kai, ya amsa gaisuwar maƙwabta kowa da irin tsokanar da ke tsakaninsu. Ya zaro makullai, yatsansa ya zaɓi na sama ya zaɓi na ƙasa, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kukanta.

Warin man keke da ƙura ya tare su. Shagon bai fi ɗakin ajiyar takalman Yaya ba. Teburin aiki ya yi baƙi don shan mai, kawunan kekuna jere a kan katako, kowanne da ƙyallen atamfa ɗaure a wuyansa. Da can Auta ta ɗauka ado ne. Yau da ta duba sai ta ga wani ƙulli ɗaya ne, wani biyu, wani uku da ƙarami a gefe. Baba ya bi su yana shafawa yana kiran masu su, wannan na mai ɗinkin kayan makaranta ne da ya yi tafiya, wancan na matar da ta ce za ta dawo ba ta dawo ba.

Ko buhun da za a zuba kayan ba su buɗe ba sai ga murya daga tsallaken layi.

"Wa nake gani kamar Baba Mai Keke?"

Wata maƙwabciyar shagonsa ce mai ɗinkin labule, ƙatuwa mai fara'a, wadda in ta yi raɗa ana ji a shago na uku. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba ta koma da sauri, ta dawo rungume da kan keke tana haki. Ta ce tun da ya tafi keken nan yake tsallake ɗinki, ta kai wa masu gyara uku, kowanne sai ya canza mata wani abu ya ce ta je ta gwada, ga aikin labulen wata makaranta ya taru mata.

Auta ta buɗe baki za ta ce Baba ya daina aiki. Kafin ta yi magana ya riga ya naɗe hannun riga.

"Ɗora shi a kan ƙafar keken nan. Ki sa zarenki da kanki, in ga yadda kike sawa."

"Kai dai Baba da wannan doka taka," matar ta ce tana dariya. "Sai ka ce yau na fara ɗinki."

Auta ta sunkuyar da kai. Ta san dokar, har ta taɓa yi masa tsiya a kanta. Yanzu ta gane lokacin da aka kafa ta da dalilin kafa ta.

Matar ta zura zare, ta sa ƙyalle, ta fara takawa. Baba ya karkata kai, ya ɗora yatsu biyu a bayan keken.

"Ƙara sauri. Yawwa. Tsaya."

Ya kwantar da kan keken, ya miƙa hannu ba tare da lalube ba ya ɗauko ƙaramin sukudireba daga inda ya bar shi wata uku da suka wuce. Ya ce babu abin da ya lalace, ƙoshiya ce take makara, allura ta sauko ta jira ta ba ta iso ba. Ya sassauta wani ɗan ƙusa, ya juya tayar gefen keken da tafin hannu kaɗan-kaɗan, kunnensa dab da ƙarfen, bakinsa a ɗan buɗe. Ya ɗaure. Ya ɗiga mai wuri biyu.

"Taka."

Ƙarar ta fito sumul, babu gargada. Matar ta zaro ƙyallen ta duba gaba da baya, ta ɗaga shi sama tana nuna wa Auta.

"Kin gani? Ko kallon kirki bai yi masa ba. Wallahi mutumin nan ko ido rufe zai gyara keke."

Baba ya tuntsire da dariya har da buga tebur. Auta ta tsaya tana kallonsa. Rabonta da ta ga haƙoransa a waje haka tun suna tsohon gida. Fuskarsa ta yi haske, ɗigon mai a gaban sabuwar rigar da Yaya ya ɗinka masa, shi ko a jikinsa.

Da matar ta ji cewa yau za a rufe shagon, sai fara'arta ta ɗauke. Ta ce to su kuma ina za su nufa? Baba ya ce ai 'yarsa ce za ta buɗe wurin turare, layin nan zai huta da warin mai. Matar ta yi wa Auta fatan alheri da zuciya ɗaya, ta rungumi kekenta ta fita.

Wayar Auta ta yi ƙara. Ƙawayenta ne a zauren hirarsu na waya, suna tambaya ko uwar ɗakinsu ta karɓi makulli, wata har ta ce ita za ta fara yin ciniki. Ta karanta, ta ji daɗin yana neman dawowa. Kada mai karatu ya ɗauka Auta waliyyiya ce. Tana son shagon nan har cikin ranta. Ta gaji da zama ƙanwar mai kuɗi, tana so a ce wannan nata ne, ta shigo da safe ana gaishe ta. Ta ɗaga ido ta hango inda ta shirya sa madubi, ta ga daidai wurin teburin Baba ne.

"Baba, in an rufe nan, gobe da safe me za ka yi?"

Yana goge sukudireba da tsumma, bai ɗago ba.

"Zan tashi in yi sallah. A kawo shayi in sha."

"Daga nan fa?"

"Sai in jira na rana."

Ya faɗa ne da sauƙi, ba don ta ji tausayinsa ba. Hakan ya fi yi mata ciwo. Ta kife wayar a kan katako.

*

Sha biyu saura kaɗan ƙamshin turaren Yaya ya riga shi shigowa. Waya a kunne, wata a hannu, ya buga goshi a saman ƙofar kamar yadda yake yi tun da ya yi tsawo. Baba ya ce ƙofar nan dai ita kaɗai ce ba ta san ya yi kuɗi ba. Yaya ya kashe wayar yana dariya, ya durƙusa har ƙasa da farar shaddarsa ya gaishe shi. Lauya ya biyo baya da jaka, yana neman inda zai tsaya kada mai ya taɓa shi.

Yaya ya ja kumatun Auta ya kira ta babbar 'yar kasuwa. Ya tambayi abin da ya sa idonta ya yi ja, ta ce ƙura ce. Ya dubi shagon sama da ƙasa, ya nuna wa lauya ƙarƙashin teburin, ya ce a nan yake barci in ya taso daga makaranta, yana kallon ƙafar Baba da ta kumbura don tsayuwa. Ya ce tun a lokacin ya yi wa kansa alkawari sai ya fitar da mutumin nan daga ɗakin nan ya zaunar da shi inda zai miƙe ƙafa.

"Yau Allah ya cika min," ya ce.

"Allah ya yi maka albarka," Baba ya ce. "Ya ba ka masu yi maka fiye da haka."

Lauya ya shimfiɗa jarida a kan teburin, ya ɗora takardar a kai, ya yi bayani a taƙaice. Wuri ɗaya ne Baba zai sa hannu, a ƙasan shafin ƙarshe. Baba ya zaro bironsa, ya gyara tsayuwa.

"Auta, zo ki danne min takardar nan."

Ta matso. Ga layin nan a gabanta, ga sunanta a sama da manyan baƙaƙe. Ta ɗaga hannu. Ta dubi yatsun Baba da suka yi baƙi da mai, ta tuna dariyar ɗazu, ta tuna mutumin da zai zauna a bakin gado yana jiran abincin rana. Ta san in ta janye ta karya alkawarin farko da ya taɓa roƙonta, ta kuma tona masa asiri a gaban baƙo.

Ta mayar da hannunta baya, ta riƙe shi da ɗayan.

"Auta?"

"Ba zan danne ba, Baba."

Yaya ya yi dariya ya ce yau kuma sarautar ta motsa tun kafin a ba ta makulli. Ya sa tafin hannunsa ya danne saman takardar da kansa, ya ce Baba ya sa kawai.

Baba ya tsaya da biro a sama. Ya sauke biron a hankali, yana neman yatsan da ba ya nan. Sai ya yi ta maza ya sa hannunsa, da 'yar lanƙwasarsa ta ƙarshe, tsaf, a kan jaridar da aka shimfiɗa, tazarar yatsu huɗu daga gefen takardar.

"Shi ke nan ko?" ya ce yana murmushi.

Lauya ya yi gyaran murya ya kau da kai.

Dariyar Yaya ta tsaya a fuskarsa. Ya dubi jaridar, ya dubi Baba, ya dubi Auta da hawaye ya riga ya wanke wa fuska. Ya zaro nasa biron daga aljihu, ya miƙa shi dab da fuskar Baba, ya riƙe shi a nan. Baba yana ta murmushinsa, idonsa a kan bangon da ke bayan ɗansa. Wayar Yaya ta fara ruri a aljihu, ba wanda ya kula ta har ta katse.

"Yaya, ba na son shagon," Auta ta ce cikin kuka. "Ka bar masa. Nan ne kaɗai inda ba ya bukatar kowa ya riƙe masa hannu. Baba, ka yafe min."

Murmushin Baba ya ɓace. Ya ajiye biron a kan tebur, ya dafa katakon da hannu biyu.

Yaya ya sauke nasa hannun. Ya matso har numfashinsa yana taɓa fuskar mahaifinsa, ya kama yatsun nan masu mai ya riƙe gam. Da ya yi magana, muryar ba ta mai kamfani ba ce, ta yaron da ke barci a ƙarƙashin tebur ce.

"Baba, gidan nan da na gina maka... ka taɓa ganinsa kuwa?"